AKWATIN FAYA-FAYAN BABA: TARIHIN KIƊAN ROK A ƘASAR IBO DA ABIN DA NAKE GAYA WA 'YA'YANA

 

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau wani ɗan al'amari ne da ya faru a gidana ranar Asabar da ta wuce bayan La'asar. Wani dattijo maƙwabcinmu a nan Ama Hausa ta Aba, aminin marigayi mahaifina, ya shigo mu gaisa, sai ya tarar da ni da yarana uku a tsakar gida faifai yana juyawa. Babbar, mai shekara bakwai, ta rungume tsintsiya wai jita ce, na tsakiya ya kife bokitin wanka yana duka da ludayi, auta kuwa tsalle kawai yake yi yana faɗuwa. Dattijon ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Ɗana, mu muna fama yaran nan su riƙe Hausa da karatun allo, kai kuma kiɗan Turawa kake ɗura musu?" Na ce, "Baffa, ai faifan amininka ne." Na miƙa masa kwalin. Ya gyara tabarau ya daɗe yana kallo, sannan ya nemi kujera ya zauna, ya ce, "Funkees. Ikon Allah. Ashe bai zubar ba."

Tambayar Baffa tana kan hanya, kuma na san da yawa cikin masu karatu ita za su yi mini. Don haka na ga ya kamata in kawo tarihin wannan kiɗa daki-daki, daga nan sai in faɗi yadda nake yi da yarana, kowa ya yi nasa hukuncin.

Asalin kiɗan

Kiɗan rok a Amurka aka haife shi cikin shekarun 1950, kuma tushensa kiɗan baƙar fatar can ne, jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka. Mutane irin su Chuck Berry da Little Richard su suka aza harsashinsa kafin Elvis Presley ya kai shi gidajen fararen fata. Cikin shekarun 1960 samarin Ingila, wato su Beatles da Rolling Stones, suka ɗauka suka zagaya duniya da shi, sannan Jimi Hendrix ya zo ya nuna wa kowa abin da jita mai lantarki za ta iya yi kafin rasuwarsa a 1970. Kayan aikinsa ba su da yawa: jita ɗaya ko biyu, da jitar da ke ba da babbar murya, da jerin ganguna, wani lokaci da molon Turawa mai maɓallai. Mutum huɗu ko biyar sun isa ƙungiya. Mai karatu ya riƙe wannan, domin zai yi mana amfani nan gaba.

A Nijeriya kuwa, kafin yaƙin basasa kiɗan hailayif ne sarki a Kudu, kiɗan su Rex Lawson da Victor Olaiya da Osita Osadebe, mai kakaki da algaitar Turawa da makaɗa fiye da goma. Akwai 'yan samari a Legas da Fatakwal da Inugu masu kwaikwayon Beatles, irin su ƙungiyar Hykkers, amma manya kallon wasan yara suke yi musu.

Mu da ƙasar Ibo kafin yaƙi

Yaranmu da yawa sun ɗauka jiya-jiya Bahaushe ya zo Gabas. Ba haka ba ne. Tun zamanin Turawa kakanninmu ke kawo shanu da albasa da wake da busasshen kifi, su koma da manja, har suka kafa unguwannin da ake kira Ama Hausa. Zaman ya yi daɗin da har Malam Umaru Altine, Bafulatani daga ƙasar Sakkwato, ya zama magajin garin Inugu na farko a shekarun 1950, kuma da ƙuri'ar mutanen garin. Mahaifina yana yaro ya biyo kawunsa Aba, a nan ya koyi yaren Ibo, a nan ya yi abokai.

Sai shekarar 1966 ta zo da juyin mulki biyu, na Janairu da na Yuli, da kashe-kashen da aka yi wa 'yan ƙabilar Ibo a garuruwan Arewa, da ramuwar da ta biyo baya a wasu garuruwan Gabas. A watan Oktoba na shekarar gwamnan soja na yankin, Laftanar Kanar Odumegwu Ojukwu, ya umarci waɗanda ba 'yan yankin ba su fice. Baba ya sha ba mu labarin yadda suka hau jirgin ƙasa da kayan jikinsu kawai, suna tafiya Arewa, a hanya suna gamuwa da jiragen da ke tahowa Kudu cike da mutanen da su ma suka baro komai nasu. Ranar 30 ga Mayu 1967 aka ayyana ƙasar Biyafara, ranar 6 ga Yuli aka fara harbe-harbe, ba a ajiye makami ba sai 15 ga Janairu 1970. An yi asarar rayukan da masu ƙiyasi da yawa ke cewa sun kai miliyan ɗaya ko fiye, mafi yawansu ƙananan yara da yunwa ta kashe.

Jita a kan kufai

To, a wannan ƙasa da yaƙi ya cinye ne kiɗan rok na Nijeriya ya tsiro, kuma akwai dalilai.

Na farko, talauci. Duk wanda ke da ajiya a banki a ɓangaren Biyafara, aka ba shi fam ashirin komai yawan kuɗinsa. Makarantu sun rushe, aiki babu. Saurayin da ya bar aji ya shiga daji yana ɗan shekara sha shida ya dawo ba takarda ba sana'a. Haɗa ƙungiyar hailayif sai mai hali, amma mutum huɗu da jita biyu da ganga za su iya cin abinci.

Na biyu, sojoji. A lokacin su ne masu albashi a Gabas, kuma su ne masu kayan kiɗa da janareto. Tun ana yaƙi rundunonin ɓangarorin biyu suke riƙe makaɗa don nishaɗantar da dakaru, kuma bayan yaƙi ƙungiyoyi da dama a ƙarƙashin inuwar bariki suka fara. Wato samarin da jiya suke gudun sojan tarayya, yau su ne ke yi masa kiɗa a ba su na tuwo. Wannan abu ne mai ɗaci, amma haka ya faru.

Na uku, zuciya. Hailayif kiɗan iyayensu ne, kiɗan manyan da suka ja ƙasa cikin rami. Samarin suna son wani sauti da zai ɗauki abin da ke ƙirjinsu. Akwai wata 'yar na'ura da mai jita ke takawa da ƙafa, sai muryar jitar ta yi kaushi kamar ana yage ƙyalle, wata kuma ta sa ta riƙa lanƙwasa kamar kukan jariri. Suka ɗauki wannan suka aza shi a kan gangunan gargajiyarsu, suka gauraya da salon James Brown, wanda ya zo Nijeriya a ƙarshen 1970, sai ga wani kiɗa wanda ba na Landan ba ne, ba kuma na Amurka ba.

Aba ce cibiyar abin. A nan Funkees ta Harry Mosco ta yi suna, suna waƙa da Ibo da Turanci, kafin su tafi Landan a 1973, kuma Jake Sollo ya yi musu kiɗan jita. A nan Wings take, wadda mawaƙinta Spud Nathan ya rasu a haɗarin mota a 1974 yana tsakiyar tashe, har yau tsofaffin garin nan suna jimaminsa. Akwai Apostles, ita ma ta Aba. A Owerri akwai Strangers ta Bob Miga, a Inugu akwai Hygrades ta Goddy Oku, mutumin da ya iya harhaɗa kayan lantarki da hannunsa a lokacin da sayen na waje ya gagara. A 1972 Wrinkars Experience suka fitar da "Fuel for Love", waƙar da ta karaɗe Afirka ta Yamma.

Baba ya dawo Aba a 1971. Ya ce ɗakin da suka zauna babu rufi, bangon duk ramin harsashi. Yana tsoron haɗuwa da abokinsa na ƙuruciya, wani ɗan Ibo da suka yi dako tare a kasuwa, domin ya ji labarin ƙannensa biyu sun mutu da yunwa. Da suka haɗu, abokin bai ce masa komai a kan yaƙi ba, shi ma bai ce ba. Da dare ya yi sai ya ja hannunsa zuwa wani otal inda samari ke kaɗa jita. Baba ya ce ƙarar ta yi yawan da ba a jin magana, kuma abin da ya taimake su ke nan, domin a ranar ba su da maganar da za su iya yi wa juna. Suka zauna kafaɗa da kafaɗa har aka tashi, abokin yana shan abin da yake sha, Baba yana shan lemo. Da wannan zaman abota ta dawo. Faifan farko da Baba ya saya a rayuwarsa, tare suka je shagon.

Legas da kamfanonin faifai

Kiɗa a Gabas yake, amma injin ɗaukar murya a Legas yake. Kamfanin EMI yana da ɗakin ɗaukar sauti a Apapa, kuma wani ma'aikacinsa mai suna Odion Iruoje shi ya buɗe wa samarin ƙofa. A hannunsa Ofege suka fito, 'yan makarantar sakandare ta St. Gregory's da ke Obalende, waɗanda faifansu "Try and Love" na 1973 ya yi kasuwar da ta ba kowa mamaki. A shekarar dai BLO, ƙungiyar mutum uku, wato Berkley Jones da Laolu Akins da Mike Odumosu, suka fitar da faifansu na farko, ga kuma Monomono ta Joni Haastrup.

Har Turawan ma sun biyo sahu. Ginger Baker, mai gangar ƙungiyar Cream ta Ingila, ya keto hamadar Sahara da mota ya zo Legas, ya yi faifai da Fela a 1971, ya kuma buɗe ɗakin ɗaukar sauti a Ikeja a 1973. A wannan shekara Paul McCartney na Beatles ya zo Apapa ya ɗauki mafi yawan faifansa "Band on the Run", har 'yan fashi suka tare shi suka ƙwace masa kaset ɗin gwaji, Fela kuma ya zarge shi da zuwa satar kiɗan Afirka. Abin dariya, sunan ƙungiyar McCartney ta lokacin Wings, daidai da ta Aba. In na ce wa yarana Wings, tamu suke nufi.

Lokacin kuma kuɗin man fetur ya fara shigowa. An fito da Naira a 1973, ƙarin albashin Udoji ya shiga aljihun ma'aikata a 1975, kowa ya ruga sayen babur da rediyo mai faifai. Ma'aikaci in ya samu, mai albasa ma ya samu. A shekarar Baba ya sayi nasa, wani dogon akwati na katako mai ƙafa huɗu, wanda muka taso muka tarar an lulluɓe shi da ƙyalle a falo.

Yadda ya mutu, da yadda ya dawo

Zamanin bai wuce shekara goma ba. Zuwa ƙarshen shekarun 1970 kiɗan disko da rege sun janye samari, hailayif ya farfaɗo a hannun su Oriental Brothers da Oliver De Coque da Prince Nico Mbarga. Kaset ya zo, masu kwafar na jabu suka karya kasuwar faifai. Farashin mai ya faɗi a shekarun 1980, tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya ƙarasa abin da ya saura, manyan kamfanonin waje suka tattara nasu ya nasu. Makaɗan wasu suka koma waƙar coci, wasu kasuwanci, wasu suka mutu ba wanda ya sani. Faya-fayan kuwa aka bar wa ƙura da gara.

Abin kunya, daga waje aka zo aka tuna mana. A 2008 kamfanin Soundway na Ingila ya tattara waƙoƙin ya fitar da "Nigeria Rock Special", a 2016 kuma kamfanin Now-Again na Amurka ya fitar da "Wake Up You!" kashi biyu, tare da tarihin da Uchenna Ikonne ya rubuta. Faifan da iyayenmu suka rufe tulu da shi, masu tara kayan tarihi suka shiga nema ruwa a jallo.

Namu akwatin da kyar ya tsira. A ƙarshen Fabrairu na 2000, bayan rikicin Kaduna, wutar ramuwa ta tashi a Aba, kuma duk wanda yake nan a lokacin ba sai na ba shi labari ba. Allah Ya jiƙan waɗanda muka rasa, nan da can. Mun bar garin wata huɗu. Da muka dawo babu abin da ya saura a shagon Baba, amma akwatin faya-fayan da keken ɗinkin Inna suna gidan wannan abokin nasa, a ƙarƙashin gado. Cikin dare ya je da 'ya'yansa suka kwashe. A cikin akwatin, Funkees da Wings da Ofege suna jingine da Mamman Shata da Ɗanmaraya Jos, yadda Baba ya jera su.

Ta wajen hamada

Kada mai karatu ya ɗauka jita mai lantarki ta tsaya a Kurmi. 'Yan'uwanmu Buzaye sun yi irin wannan tafiya: fari da gudun hijira da tawaye, sannan jita. Tinariwen ta Mali ta ci kyautar Grammy a 2012. Bombino na Agadas ya yi gudun hijira sau biyu saboda rikici, ya zama ɗan Nijar na farko da aka sa sunansa a takarar Grammy. Mdou Moctar kuwa, wanda iyayensa masu addini ba su so ya yi kiɗa ba, da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko, kuma faifansa na farko a Sakkwato ya ɗauke shi a 2008, da salon waƙoƙin finafinan Hausa. In na sa wa yara shi, sai uwarsu ta ce ita dai gurmi da garaya take ji a ciki.

Ni da yarana

Yanzu ga amsar Baffa. Ni ba malami ba ne. Na san malamai sun yi magana mai yawa a kan kayan kiɗa, da yawansu sun hana, wasu sun sassauta da sharuɗɗa, kuma duk uban da ya rufe ƙofarsa ga kiɗa gaba ɗaya ina ganin girmansa. Abin da nake gani kawai shi ne, yaron da ke zaune a Aba zai ji kiɗa ko ana so ko ba a so, a Keke Napep, a shagon aski, a wayar ɗan maƙwabta, kuma mafi yawan abin da zai ji ba zan iya maimaita shi a gaban mahaifiyata ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Na gwammace kunnensu ya fara buɗewa a gabana.

Don haka muna da ƙa'ida. Ranar Asabar ce kawai, bayan an dawo daga Islamiyya an yi tilawa. Da an kira salla ake ɗage allura, kuma na tsakiya ne mai wannan aiki, yana ji da shi ƙwarai. Ba a sa wa yaro abin toshe kunne, ba a ƙure murya, domin kunnen yaro bai kai na babba ƙwari ba. Ba kowane faifai nake sawa ba. Akwai waƙoƙin soyayyar da sai sun girma, kuma ban ɓoye wa kaina cewa rayuwar makaɗan nan da yawa ta haɗa da giya da wiwi ba. Sannan duk hirar da za a yi a kan faifai da Hausa ake yi. In aka juya Funkees, sai a juya Shata, kowa ya faɗi abin da ya ji.

Amfanin da ban zata ba shi ne tambayoyi. Wata rana babbar ta ce, "Abba, me ya sa jitar nan take kuka?" Na yi shiru, sannan na ce mata wanda ke kaɗa ta ya ga yaƙi, ya ga yunwa. Ta ce, "A ina?" Na ce a nan garin, a titin da muke bi zuwa makaranta. Daga nan na ba ta labarin jirgin ƙasan Kakanta da abokinsa, gwargwadon abin da 'yar shekara bakwai za ta ɗauka. Da ban san ta inda zan fara wannan magana ba, ga shi kuwa dole wata rana a yi ta. Yarinyar nan a makaranta "aboki" ake ce mata, in mun je gida hutu kuma 'yan'uwanta su ce ga 'yar Ibo ta zo. Ta taɓa tambayata mu 'yan ina ne. In ban gaya mata yadda Kakanta ya zauna da mutanen garin nan ba, wani zai gaya mata nasa labarin a waya, kuma na san irin labarin da ke yawo a waya.

Shawarata ga 'yan'uwa mazauna Kudu ita ce, kowa ya duba abin da iyayensa suka bari. Ba lallai faifai ba. Wataƙila hoto ne, ko tsohon rasiɗin haya, ko sunan wani maƙwabci da ya yi halacci. Tsofaffin da suka ga 1966 da 1970 suna ƙarewa, mu zauna da su tun suna raye, mu kai musu jikoki.

Baffa bai ce na yi daidai ba, kuma ban nemi ya ce ba. Da aka kira Magariba na tsakiya ya ɗage allura, muka fita masallaci tare. A hanya ya ce mini, "Ranar Asabar in ka sa Wings ka aiko yaro ya kira ni, akwai labarin ubanku da ba ka sani ba." In Allah Ya kai mu ya ba da labarin, zan kawo muku shi.

Allah Ya jiƙan iyayenmu, Ya shirya mana zuriya, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Wassalam.